Hajiya, ki sayi wayar da za ta kai ki shekara 4

Assalamu alaikum Hajiya. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu da na dawo daga kasuwa na samu zama. Kin ce wayarki ta shekara 4 a hannunki, kullum tana kukan wuri ya cika, caji ba ya kai ki azahar, ga shi da ita kike tallar atamfa da leshi a WhatsApp. Kin tara kusan naira dubu 350, kina so a ba ki shawara tsakanin sabuwar Tecno ko Infinix mai babbar kyamara, ko Samsung, ko iPhone ta hannu wadda ƙanwarki ta nace ki saya. Ni ba waya nake sayarwa ba, kayan gini ne sana'ata a Dei-Dei nan Abuja, amma rabin cinikina a waya nake yin sa, kuma cikin shekara 10 na canza waya sau 5. Biyu daga ciki asara ce tsagwaronta, shi ya sa maganar ta tsaya min a rai.

Ki fara da lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Wayar dubu 200 da za ta gaji cikin shekara 1 da rabi, kin biya sama da dubu 130 ke nan a kowace shekara. Ta dubu 350 da za ta kai shekara 4 kuwa, abin bai kai dubu 90 a shekara ba. Da can ba mu damu da wannan ba, domin idan waya ta fara ciwo sai a miƙa wa yaro a ɗauko wata. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma wayoyin nan daga waje ake shigo da su. Yanzu wanda ya sayi waya, ya saye ta ne da niyyar su daɗe tare.

To me ke sa waya ta daɗe? Abin da na fi so ki riƙe, wanda mai shago ba zai taɓa fara gaya miki ba, shi ne shekarun da kamfani ya yi alkawarin ci gaba da turo wa wayar sabuntawa. Saƙon nan da ke shigowa lokaci-lokaci yana cewa a sabunta waya, wanda da yawanmu muke turewa saboda tsoron cin data, shi ne ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma shi ne ke sa manhajar banki da WhatsApp su ci gaba da karɓar wayar. Ranar da kamfani ya daina turowa, wayar za ta ci gaba da kunnuwa, gilashinta garau, amma a hankali manhajoji za su fara juya mata baya. WhatsApp ya daina aiki a Android da ke ƙasa da 5.0 tun Oktoban 2023, a 2025 kuma ya sallami iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Ke da kuɗin mutane ke shigowa ta wayarki, wannan ya fi kowace kyamara muhimmanci.

A nan Samsung ta yi wa sauran nisa a wayoyin masu matsakaicin ƙarfi. Galaxy A15 an yi mata alkawarin sabon Android sau 4 da sabuntawar tsaro na shekara 5. Daga A16 da ta fito a ƙarshen 2024 aka ƙara zuwa shekara 6, haka ma A26 da A36 da A56 na 2025. Manyan nasu, daga S24, shekara 7 ne, daidai da Pixel 8 ta Google, sai dai waɗannan sun fi ƙarfin aljihun da muke magana a kai. Ki lura da abu ɗaya: ana fara ƙirga shekarun ne daga ranar da wayar ta fito kasuwa, ba daga ranar da kika saya ba. Waya tana iya zama sabuwa dal a kwali alhali ta riga ta cinye shekara 2 daga cikin alkawarinta tana ajiye a shago. Don haka ki tambayi shekarar fitowarta kafin ki tambayi kuɗinta.

Kada a ɗauka ina kushe Tecno da Infinix. Su biyun da itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma ba a banza suka mamaye kasuwar Afirka ba. Suna ba da wurin ajiya mai yawa a kuɗi kaɗan, batirinsu na riƙe caji, galibi da caja a kwali, sannan ga babbar falala: gyara. Suna da cibiyar gyaransu ta Carlcare, kuma ko ba ita ba, daga Nyanya zuwa Kubwa zuwa Gwagwalada babu mai gyaran da zai rasa gilashinsu ko ƙasan cajinsu. Wayar da za a gyara miki yau-yau da kuɗi mai sauƙi ita ma doguwar rai gare ta. Inda suke da rauni shi ne alkawarin sabuntawarsu ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, ƙananan cikinsu kuma ba sa samun mai tsawo. Idan can zuciyarki ta karkata, ki sa a duba miki alkawarin wannan samfurin takamaimai a shafin kamfanin, kada ki tsaya a kan "ai Hajiya wannan ba ta da matsala".

Sai maganar wuri, wanda shi ne ciwon da ya kawo ki. Mai tura hoton kaya 30 a rana, kwastomomi na turo bidiyo da saƙon murya, ga zaurukan 'yan uwa da na makarantar yara, giga 64 ba zai yi mata komai ba, domin tsarin wayar kansa ya riga ya cinye wani kaso tun kafin ki ɗauki hoto ko ɗaya. Giga 128 shi ne mafi ƙaranci, ke kuwa 256 nake ba ki shawara. Ki kuma duba ko tana da gurbin memori, saboda an fara cire shi: A36 da A56 ba su da shi, A16 da A26 suna da shi.

Akwai wata dabara da ake rubutawa a kwali da manyan baƙi, za ki ga an sa ram, wato ma'ajin wucin gadi da waya ke gudanar da manhajoji a kansa, 8+8, mai shago ya ce miki 16 ne. Na farkon ne kawai na gaskiya. Na biyun aro ne ake yi daga wurin ajiyar wayar, kuma bai kama ƙafar na ainihi a sauri ba. Idan kin ga 4+4, ki sani 4 kika saya, kuma 4 zai fara yi miki nauyi kafin shekara 2. Ki nemi 8 na ainihi, ko aƙalla 6. Injin wayar ma a duba shi. Ni a nawa ganin, kada ki sauka ƙasa da Helio G99 ko takwaransa. Masu Helio G85 suna amfani da tsohon nau'in ma'aji mai suna eMMC, wanda ke da jinkiri, shi ya sa za ki ga waya tana gudu a watan farko, da ta fara cika sai ta riƙa maƙalewa ana tsakiyar tura kuɗi. Masu G99 galibi sabon nau'i mai sauri da ake kira UFS gare su, bambancin kuma a hannu ake jin sa.

Kyamara na san ita ce ta fi jan hankalinki, kuma kina da hujja, tunda hoto ne shagonki. Amma lambar nan ta megapixel, wato yawan ɗigon hoto, 108 ko 50 da ake bugawa a bayan waya ba ita ke nuna kyan hoto ba. Mai 108 ɗin ma, a yadda aka saita ta, tana haɗe ɗigo 9 ne su zama 1, hoton ya fito a 12. WhatsApp kuma sai ya sake matse shi idan ba ki danna HD ba. Abin da ke gabanki ke shi ne launi. Wata wayar tana ƙara wa ja da shuɗi ƙarfi har atamfa ta fi yadda take a ido, kwastoma ta karɓi kaya ta ce ba wannan ta gani ba. Ki tafi shagon da ƙyallen atamfa 2 a jaka, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, ki ɗauke su da wayar gwaji, ki tura wa ƙanwarki, ki kwatanta da abin da ke hannunki. Minti 5 zai ɗauke ki, kuma ya fi duk bayanin da za a yi miki. Uwargidana haka ta yi lokacin da za ta canza tata, wadda ta zaɓa a ƙarshe lambar kyamararta ta fi ƙanƙanta cikin ukun da ta gwada.

Yanzu iPhone ta hannu. Ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba, suna da ƙarko, kuma Apple na daɗewa yana kula da su: iPhone 11 ta 2019 ta samu iOS 26 a 2025. Amma a 2025 ɗin aka ajiye XR da XS na 2018, wato wadda kuɗinki zai iya saya tana dab da ƙarshen tafiyarta, kuma yawanci giga 64 ce, babu gurbin memori. Ga kuma abin da ido ba ya gani. Akwai XR da ake sauya wa riga ta koma kamar sabon samfuri, sai an shiga bayanin waya a cikin saiti ake gane ainihin sunanta. Akwai wadda aka canza wa gilashi da batir da na bogi. Akwai mai kulle da iCloud, wato asusun Apple, na wani, wadda ba ta da maraba da dutse. Daga iPhone 14 kuma, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin sa layi kwata-kwata. Idan lafiyar batir ta yi ƙasa da kashi 80, ki sa kuɗin sabon batir a lissafi tun a wurin.

Ɗaya daga asarar da na ambata ta wannan hanyar ta zo. Na sayi wata babbar waya ta hannu a wani shago, an rantse min ba a taɓa buɗe ta ba. Wata 2 batir ya kumbura ya ɗaga gilashi, mai gyara ya buɗe ya nuna min gam a ko'ina. Risit ɗin da aka ba ni ko lambar wayar babu a jiki, ba ni da abin kamawa. Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne, lissafin bashin kwastomomina na wata 3 ne ya tafi da ita. Tun daga ranar, ko sabuwa zan saya a kasuwar wayoyi ta Banex ko a ina, sai na danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, na gwada ta da ta jikin kwali, na sa an rubuta ta a risit mai sunan shago da hatimi. A wayar hannu wannan takardar ce kariyarki idan ta zama ta sata ce, domin wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa.

5G kada ki ƙara ko sisi saboda shi, sai idan kin tabbatar yana kamawa a unguwarku. MTN ta fara shi a 2022, Airtel a 2023, amma 4G ya ishi aikinki. Masu ba da waya bashi a biya wata-wata kuma, ki tara jimillar abin da za ki biya kafin ki sa hannu, ki kuma sani suna kulle wayar daga nesa idan biya ya yi jinkiri. Tunda kina da kuɗinki a hannu, ki bar wannan.

Da ni ne ke, zan ɗauki sabuwar Samsung daga jerin A wadda ba ta wuce shekara 1 da fitowa ba, mai ram 8 da giga 256. Idan kuɗin bai kai ba, zan koma Tecno Camon ko Infinix Note mai irin wannan ƙarfin, da sanin cewa ƙila in canza ta da wuri kaɗan. Kuma ba zan kashe dubu 350 ɗin duka a kan wayar ba. Samsung da yawa yanzu ba sa zuwa da kan caja, ki ware kuɗin na ainihi, da riga mai kauri, da gilashin kariya, domin fuskar AMOLED idan ta fashe canjinta na da tsada sosai. Batir kuma babban maƙiyinsa zafi ne. Kin san Abuja a watan Maris da Afrilu. Kada ki bar ta a gaban mota cikin rana, kada ki yi caji tana ƙarƙashin matashi, idan kuma tana da saitin tsayar da caji a kashi 80, ki kunna shi a ranakun da kike gida akwai wuta.

Kafin ki fita sayen, ki zauna da tsohuwar wayar daren yau. Ki tabbatar kin san adireshin Gmail ɗinki da kalmar sirrinsa, ki shiga WhatsApp ki adana hirarrakinki a Google Drive har ki ga ya gama, ki sa masa lambar sirri ta mataki na biyu. Wannan ajiyar a Android kawai take dawowa kai tsaye, iPhone ba ta karanta ta, wanda shi ma wani dalili ne na zama a inda kika saba. Idan kin sayi sabuwar, kada ki miƙa wa yaron shago ya buɗe miki sabon Gmail ko ya sa miki manhajar banki, ki kawo ta gida a kwalinta ki yi da kanki ko wani naki ya taya ki. Tsohuwar kuma kada ki goge ta sai kin yi mako guda da sabuwar kin ga lambobin kwastomominki duk sun dawo. Idan kin je shagon kin ga guda 2 ko 3 da suka kwanta miki, ki turo sunayensu da farashin da aka gaya miki, in sha Allah zan duba miki shekarar fitowar kowace da injinta kafin ki biya.