Tambaya da Amsa: Hajiya ta ƙi rigunan da muka ɗinka mata

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu tana da shekara 79, shekara uku ke nan tana fama da ciwon mantuwa. Yanzu kuma fitsari yana kuɓuce mata, wani lokacin har bayan gida. Don sauƙin canji muka ɗinka mata dogayen riguna huɗu na yadi ɗaya, muka adana atamfofinta a akwati. Tun daga nan ta daina fitowa falo. In an sa mata rigar sai ta tuɓe, ta yage famfas, tana cewa an sace mata kaya. Yayana ya ce a sayo irin rigar nan haɗe da wando mai zif a baya, wadda ba za ta iya cirewa ba. Me kika gani? Daga wata 'yarki a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jinya, Allah ya ba ku lada, ya sa kaffara ne ga Hajiya.

Ki fara buɗe akwatin nan yau. Matar da ta yi shekara sittin tana ɗaura zani da kallabi ta wayi gari cikin rigar da ba ta taɓa gani ba, to a wurinta ai sata aka yi mata. Wannan ciwo na mantuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasa cutar ƙwaƙwalwa ce da ake kira Alzheimer, yakan fara cinye abin da ya faru jiya da shekaranjiya, ya bar na da can. Shi ya sa hannunta zai iya tuna ɗaurin zani ko da sunan jikarta ya ɓace mata.

Na ga haka a kan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Watarana na tarar da shi a ƙofar bandaki, buta a ƙasa, yatsunsa na rawa a kan zariyar wando da ta ƙulle, fitsari kuma ya riga ya zubo har cikin takalmi. Bai ce komai ba, ya dai kau da kai. Washegari na kwashi wandunansa na kai wa telan layinmu, ya zare zariyar ya sa roba mai faɗi, ya ɗinka guntun zariya a gaba don Baba ya riƙa jin ta a hannu. Kaftaninsa da hularsa ba mu taɓa su ba.

Haka za ku yi wa Hajiya. Zani ma ya fi doguwar riga sauƙi, ana kwance shi tana kwance, a mirgina ta a shimfiɗa wani. Tela ya sa masa Velcro a ƙugu, abin nan mai mannewa kamar ƙarangiya, ya ɓoye shi ƙarƙashin ninki. Rigunan atamfofin nata kuma a tsaga su ta baya, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya sosai don kada bayanta ya fito, a sa maɓallin dannawa a kafaɗa. Sai ta zura hannu ta gaba, ba ɗaga hannu, ba rufe fuska da riga, wanda shi ne ke firgita masu ciwon mantuwa. Kada maɓalli ko zif ya zauna kan ƙashin baya, domin in ta daɗe a kwance zai danne fata har ya zama gyambo. Ki zaɓi atamfar auduga mai duhu da yawan zane, tana ɓoye jiƙa, tana shan wanki. Leshi da yadin roba a bar su, balle da zafin Afrilu.

Famfas kuwa, ki nemi na manya mai shiga kamar ɗan kamfai, wanda ake yagewa ta gefe, kuma a gabanta ɗan kamfai za ku riƙa kiransa. Yagewar da take yi sau da yawa magana ce: ya jiƙe, ko ya matse, ko ƙaiƙayi. A kai ta bandaki duk bayan awa biyu ko da ba ta nema ba, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane, a shafa man da ke da sinadarin zinc ko basilin. A rage shayi da goro da yamma, amma kada a hana ta ruwa. Ku kuma kai ta asibiti a duba ciwon sanyin mafitsara, suga, taurin bayan gida da maganin hawan jini mai sa fitsari, don kowanne na iya ƙara matsalar.

Rigar da yayanki ya faɗa akwai ta, ana amfani da ita a gidajen kula da tsofaffi a Turai da Amurka. Ni dai ban so ku fara da ita ba. Mutumin da ke jin fitsari ya kasa kwance kansa, tashin hankalinsa ƙaruwa yake yi. Sai in duk wannan ya gaza, ko tana damalmala bayan gida da dare, sannan a sa mata da daren kawai.

Da safe ki ɗauko zannuwa biyu ki ce, “Hajiya, wanne za ki ɗaura?” Ki rufe ƙofa kafin canji, ki turara mata kayan, ki miƙa mata kallabin ta ɗaura da kanta ko da ya karkace. Bayan mako biyu ki rubuto min ko ta fito falo.