Masta, in sauya fikof ɗin jitata ko in bar ta haka?

Tambayar wannan makon daga wani ƙane ne a Aboabo nan Kumasi. Ya ce: "Salamu alaikum Masta. Na sayi jitar lantarki ta hannu, irin kwafin Stratocaster ɗin nan mai fikof uku, ba ta da wani suna sananne. Matsalata ita ce ba ta riƙe tiyun, in na ja tsirkiya sau biyu ta sauka, kuma in na sa ta a amfi sai ta riƙa zuuu kamar gidan zuma. Na tara sidi 1,500, abokaina sun ce in yi odar fikof masu tsada. Me za ka ce?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh gaskiya ka mayar da kuɗin nan aljihu tukuna, domin matsalar tiyun sabon fikof ba zai gyara ta ba, zuuu ɗin ma akwai gyaran da za a fara gwadawa kafin a kai ga fikof. Shi fikof maganaɗisu ne kawai da siririyar wayar tagulla da aka naɗe masa, aikinsa ya ɗauki motsin tsirkiya ya miƙa wa amfi, in tsirkiyar ta sauka daga tiyun zai ɗauki ƙaryar ya ƙara mata ƙarfi, shikenan. Na sha ganin yaro ya ɗora fikof ɗin da ya fi jitar kanta tsada sannan ya dawo min da fuska a murtuke wai sautin bai canza ba.

Mu fara da tiyun. Kowa kunnuwan da ake murɗawa yake zargi, amma yawanci laifin not ne, wato ɗan farin abin nan da tsirkiyoyi shida suke bi ta kansa a ƙarshen wuya. A jita mai araha roba ce, kuma ramukan ba a yanke su da kyau ba, sai tsirkiya ta maƙale a ciki. In kana murɗa kunne ka ji wani "ƙis" sannan sautin ya yi tsalle, to shi ne. Maganin farko ko kobo ba zai ci maka ba: ka samo fensir ɗin ƴan makaranta ka goga bakinsa cikin kowane rami har ya yi baƙi. In bai isa ba sai a sauya shi da na Tusq na kamfanin Graph Tech ko na ƙashi. Ni ƙashin ƙaurin saniya nake karɓowa wurin mahauta, in dafa shi sosai har maiƙon ya fita, in shanya shi makonni, in yanka in goge, kuma wallahi ba ya jin kunya a gaban na kanti. Sai dai yankan ramukan aikin mai hannu ne, in ka zurfafa da yawa tsirkiya za ta kwanta kan firet na farko, wato ƙarafan nan da aka gitta a jikin wuya, tana kaɗe-kaɗe, kuma babu mayarwa.

Sannan ka duba yadda ka ɗaura tsirkiyar. Naɗi biyu zuwa uku ya isa, kowane yana sauka ƙasan na baya, ba a tara su kamar rawanin sarki ba. In ka sa sababbi ka ja kowace da yatsa a hankali ka sake tiyun, sau uku ko huɗu har ta daina sauka. Wajen kaurin tsirkiya kuma, lamba 9 zuwa 42 ta fi taushi, 10 zuwa 46 ta fi tsayawa daram, ni ita nake sa wa masu buga hayilayif a wuraren biki.

Sai gadar da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jitar, wadda masu goge da garaya suke ce wa jaki. Ta irin jitarka tana lilo a kan sifirin da ke baya, in ba ka amfani da sandar nan ta lanƙwasa sauti to ka buɗe murfin baya ka ɗaure sukurori biyun da ke riƙe sifirin har gadar ta kwanta a jikin katako, ko ka cusa guntun katako ya tokare ta. Rabin ciwon kanka ya tafi kenan.

Wuya kuma yanayi yana wasa da shi. Da damina katakon ya sha raɓa, hunturu ya shigo ya bushe ya tsuke, shi ya sa a Janairu za ka ji bakin firet yana yankar hannu. Danna tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazararta da firet na 8, ya kamata ta zama kamar milimita 0.25, kaurin katin kasuwanci siriri. In ta wuce haka sai a ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan da alanki, yawanci milimita 4 ko 5, kwata na zagaye kaɗai, ka bar ta ta huta ka sake dubawa. In ya ƙi juyawa kar ka yi masa ƙarfi don Allah. Bayan nan tsayin tsirkiya a firet na 12 ya zauna wajen milimita 2 a ɓangaren masu kauri, ƙasa da haka kaɗan a sirara. Daga ƙarshe ka gwada da tiyuna, na'urar auna tiyun, in ka danna firet na 12 sautin ya haura sama da yadda ya kamata ka ja mazaunin tsirkiyar baya, in ya gaza ka turo shi gaba.

Yanzu zancen zuuu. Fikof mai naɗi ɗaya dama haka Allah ya yi shi, yana kwasar hayaniyar wutar gida, mu kuma tamu bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Saboda wannan ne ma Seth Lover ya ƙera wa Gibson hambaka mai naɗi biyu, suka fara sa shi a jitocinsu a 1957. Ga gwajin da nake yi kafin in kwance ko sukuru ɗaya. In ka taɓa tsirkiya ƙarar ta ragu, wayar ƙasa lafiya lau, rufi ne babu, sai ka shimfiɗa tef ɗin tagulla a cikin ramin da bayan farantin gaba, ka tabbata duk sun haɗu da bayan fot, wato abin da ke ƙarƙashin hular da ake murɗawa a ƙara ko rage sauti, ko takardar alminiyom ta kicin da gam ma tana yi. In ka taɓa babu abin da ya canza, wayar da ke zuwa gada ta tsinke, dalma ɗigo ɗaya ce. In kuma ƙarar ƙaruwa take yi to wani ya juya wayoyin jak, wato inda ake cusa kebul a jikin jita. Ka gwada suwic ɗin zaɓen fikof a matsayi na 2 da na 4 ma, a jitoci da yawa nan ne ƙarar take mutuwa.

Amma abu ɗaya ba na wasa da shi. In tsirkiya tana ɗan cizonka, ko makirfo ya ja ka a leɓe kana riƙe da jita, ajiye ta nan take, wannan ba laifinta ba ne, amfi ne ko soket ɗin da ba shi da wayar ƙasa. Mutanenmu suna son karya ƙafa ta uku ta fulogi don ta shiga ekstenshan, a wurin suna da janareto kuwa abin ya fi muni. Kai wa mai gyaran lantarki.

To me za ka saya da kuɗin? Jak mai kyau irin Switchcraft, kebul mai kyau, suwic in naka yana ƙarce, da fot na bolum. Fikof mai naɗi ɗaya fot 250k yake so da kafasita 0.047, hambaka kuma 500k da 0.022. Dalma da waya da kafasita duk za ka samu wurin masu kayan rediyo a Adum, in ka sauka Accra kuma Zongo Lane. Sai dai ka auna kafin ka yi oda, nan ne mutane suke ƙona kuɗi. Kayan Amurka da inci ake yin su, jitocin Sin da Indonesiya da milimita. Fot ɗin CTS wuyansa ya kai milimita 9.5, ba zai shiga ramin naka ba sai an faɗaɗa, hular tsohon ma ba za ta hau ba. Ramin kunnuwa akwai na milimita 8 akwai na 10. Gada mai sukuru shida akwai mai faɗin 52.5 akwai mai 56, kuma jikin wasu masu arahar siriri ne har ƙarfen sabuwar gadar ya leƙo ta baya.

In ka gama duk wannan ka buga wata guda, kunnenka har yanzu yana cewa sautin siriri ne, ka fara da ɗagawa ko sauke fikof ɗin da sukurorinsa, wajen milimita 2 zuwa 2.5 daga tsirkiya in ka danna firet na ƙarshe. Bai yi ba? To sai ka sayi guda ɗaya tak mai maganaɗisun alniko, ka sa shi a wurin da ka fi bugawa. Tsofaffin kayan kuma ka zuba su a gwangwanin Milo ka ajiye, ran da za ka sayar da jitar ka mayar mata da nata, ka riƙe masu kyan don wadda za ka saya a gaba.