Ga mai tambaya kan yada zango a Lakwaja

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka taso daga Kano zuwa Anacha da iyali, kana tambaya ko Lakwaja ta cancanci a tsaya. Ta cancanta, amma ba irin tsayuwar direbobinmu ba, a sauka a Nataco a ci shinkafa da kifi, a yi salla, a wuce. Na daɗe ina bin hanyar nan da kayan kasuwa, shawarata ka kwana.

Da ka idar da asuba ka hau Dutsen Patti, mota na kaiwa har sama. Daga can za ka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, har da tsohon masaukin Gwamna Lugga. A garin nan aka ayyana mulkin Turawa a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, kafin su koma Zungeru. Kada ka bari rana ta ɗaga, zafin Lakwaja mai gumi ne, ba irin na Kano ba.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa yana unguwar Kabawa: kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Sarkin Kano Alu Babba, wanda aka kama a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926. Sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi su ma a nan suka rasu. Kai da kake Bakano, ai bai dace ka wuce ba ka yi wa Alu addu'a ba. Babu wani ado a wurin, sai ka tambayi dattawan unguwa su nuna maka. Da Hausa ma za ku yi magana.

Yara za su nace sai an shiga kwalekwale zuwa mahaɗar ruwan. Ku gama ciniki tun a gaɓa, kuma in babu rigar ruwa ga kowa, a haƙura. Ni da rani kawai nake shiga.

Sai batun lokaci. Daga Satumba zuwa Oktoba ruwa kan yi ambaliya, a 2012 da 2022 ya shanye titi wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. In a watannin nan za ka taso, ka fara tambayar direbobin tasha halin da hanya take ciki. Allah ya kai ku lafiya.