Daga Maradi zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina Maradi, ina shirin Umara. Nisan Maradi da Yamai a jirgin sama nawa ne, kuma awa nawa zan yi kafin in sauka Jidda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya karɓi ibada.

Tsakanin filin jirgin Maradi da na Diori Hamani a Yamai, kilomita 535 ne ko kusa da haka, a miƙe. Ta kwalta kuwa, a bi Ƙonni, Dogondutsi da Dosso, wajen 660 ne.

Jirgi mai farfela yana cin kamar kilomita 500 a awa. In ka raba, awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan. Sai dai jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa: akwai gangarawa zuwa bakin titi, da hawa, da saukowa a hankali. Ƙara minti 20 zuwa 30 a kan lissafin, ka sa ran wajen awa ɗaya da rabi.

Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne. Babban jirgi mai gudun 850 a awa yana yinta cikin awa biyar zuwa biyar da rabi, in bai ya da zango ba. Miƙaƙƙiyar hanyar ta sararin Cadi da Sudan take bi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa kewayawa suke yi, tafiyar ta ƙara tsawo.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaba da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Ka tashi ƙarfe 10 na dare, ka yi awa biyar da rabi a sama: agogon hannunka zai nuna 3:30, na bangon filin Jidda kuma 5:30 na asuba. A dawowa sai tikitin ya nuna kamar awa uku da rabi kawai, alhali zaman kujerar bai ragu ba.

Abin da na fi so ka kiyaye, Malam, kada ka haɗa jirage biyun a rana ɗaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinku, matuƙi ma ba ya ganin titin sauka, sai a ɗage tashi ko a soke. In tikitocin daban ka saya, jirgin Jidda ba zai jira ka ba, kuma kuɗinka na iya salwanta. Ka isa Yamai da kwana ɗaya a hannu, ka je fili awa uku kafin tashi saboda awon kaya da duba fasfo.