Asara a foka da giyar ranar wasa

Ɗan'uwa, ka ce foka ta intanet, wato cacar karta, ta juya maka baya, kana kuma neman giyar kallon wasa.

Ko mai riƙe da as biyu, kartar da ta fi kowace ƙarfi, yakan sha kashi kusan sau 1 cikin 5 a hannun mai ƙananan tagwayen karta, don haka jerin asara ba lallai laifinka ba ne. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ƙara kuɗi don ramuwa. Koma teburin ƙananan kuɗi, ka yanka wa kanka iyakar asara a rana. In ka fara cin bashi kuwa, dakata gaba ɗaya.

Giya, mai sauƙin barasa, kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, ta isa. Amma kada ka sha kana buga karta, tana dagula lissafi.