Wardin Hybrid Tea a lambun gida: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na dasa wardi, shekarar farko ya ba ni jajayen furanni manya-manya. Bana sai ga dogayen rassa suna ta fitowa daga ƙasa, fure kuwa ya ragu. Me ya faru?

Hajiya, akwai yiwuwar waɗannan rassan ba na wardin da kika saya ba ne. Yawancin Hybrid Tea, wato dangin wardi mai manyan furanni, da aurensa ake sayar da shi: a ɗauko ido daga iri mai kyawun fure, a ɗora a gindin wani wardi mai ƙarfin saiwa. Tun 1867 da wani mai lambu a Faransa, Jean-Baptiste Guillot, ya fitar da wardin da ake kira La France, wanda ake ɗauka shi ne na farko a wannan dangi, masu haɗa iri suka fi mai da hankali kan fure ɗaya babba a kan doguwar sanda. Juriya ba ta dame su ba sosai, shi ya sa ake yi masa aron gindi.

Ki duba ƙasan shukar, za ki ga wani kumburi kamar gwiwa. Nan ne mahaɗar auren. Abin da ya tsiro daga samanta naki ne, wanda ya fito daga ƙarƙashinta kuwa na gindin aro ne, kuma in kika bar shi zai shanye abincin har na saman ya mutu. Ki tone ƙasar, ki bi reshen har inda ya fito, ki sa safar hannu saboda ƙaya, ki fizge shi. In da almakashi kika yanke, idon da ya rage zai sake tohowa. Wasu kan ce a ƙirga ganye, bakwai a kara na gindi ne, biyar na fure. Ba kullum yake zama haka ba. Inda reshen ya fito shi ne shaida.

Tambaya: Ina ya fi dacewa in dasa shi?

Inda rana za ta same shi aƙalla awa 6, ta safe ta fi. In wurinku da tsananin zafi, inuwar la'asar tana hana furen ƙonewa. Rami ya kai santimita 45 zuwa 60 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin shuka da shuka. Ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya.

Tambaya: Ganyen nawa na yin baƙin tabo, ya koma rawaya, ya zube.

Malam, na tabbata da yamma kake fesa masa ruwa daga sama. Wannan cuta ƙwayar funfuna ce ke kawo ta, kuma sai ganye ya daɗe a jiƙe take kama shi. Ganyen da ya kwana da laima ya buɗe mata ƙofa. Ka riƙa zuba ruwa a gindi da safe, ya shiga ƙasa sosai, maimakon yayyafi kullum. Ka tsinke ganyen da ya kamu, ka share na ƙasa ka ƙone, kada ka zuba a ramin taki. Ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa don kada ruwan sama ya fantsamo ƙwayoyin cutar kan ganyen da ke can ƙasan shukar, amma kada ciyawar ta taɓa jikin shukar. Maganin feshi yana kare sabon ganye ne, ba ya goge tabon da ya riga ya fito.

Tambaya: Ina jin tsoron datsa shi, kada in kashe shi.

Wannan tsoron ne ke sa wardi ya zama dogo, siriri, da ƙananan furanni can a sama. Hybrid Tea a kan sabon reshe yake fure. Sau ɗaya a shekara, kafin ya shiga sabon toho, a cire busassun rassa, da waɗanda ke gugar juna, da duk wanda bai kai kaurin fensir ba. A bar uku zuwa biyar masu ƙarfi, a rage musu tsawo, tsakiya ta zama a buɗe iska na ratsawa. Kowane yanka a yi shi a karkace, kamar rabin santimita sama da idon da ke kallon waje, da almakashi mai kaifi da tsabta. Furen da ya fara yaushi kuma a yanke shi zuwa karan ganye na farko mai ganye biyar. Bayan kamar mako shida sabo zai buɗe. Mai son fure guda ƙato sai ya tsinke ƙananan ƙullin furen da ke gefe tun suna ƙanana.

Taki kuwa a sa bayan datsa da bayan kowane zubin fure, ƙasa na da laima. In yuriya ta yi yawa, ganye za ka samu, da toho mai laushi wanda darɓa ke so.