Fara, Garin Gyare da Abincin Yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Zariya. 'Yata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta gaya mini cewa yanzu a Turai ana niƙa gyare a zuba garinsa a burodi, wai ya fi nama gina jiki. Ni da cin fara na tashi, amma maigidana ya hana a shigo da ita gidan, yana cewa abincin yunwa ce, kuma ƙazanta ce. Shin tana da amfani, kuma zan iya ba yara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Labarin da 'yarki ta ba ki gaskiya ne. A shekarar 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wata tsutsa da ake kiwo a cikin dusa, a ƙarshen shekarar ta amince da fara, sannan gyare ya biyo baya a 2022. Tun kafin nan, a 2013, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya ce kimanin mutum biliyan 2 suna cin ƙwari, kuma nau'o'in da ake ci sun haura 1,900. Mu muna cikin wannan lissafi tun kaka da kakanni, domin bayan fara, yaran karkara ba su daina tara shinge a gindin fitila ba idan ruwan farko ya sauka. Abin da yake sabo shi ne kiwon ƙwarin a cikin akwatuna da niƙe su har a daina gane su.

Maganar gina jiki tana buƙatar gyara kaɗan. Busasshiyar fara tana ɗauke da furotin da ya kai rabin nauyinta ko fiye, tare da mai da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, alhali ɗanyen naman sa bai wuce kashi 20 cikin ɗari da ɗan ɗori ba. Sai dai wannan awo ba adalci ba ne, tunda ɗanyen nama yawancinsa ruwa ne; idan za a gwada fara, da kilishi ya kamata a gwada ta, kuma a nan tazarar ba ta da yawa. Inda ƙwari suka yi zarra shi ne arahar kiwo: alƙaluman hukumar nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna gyare yana buƙatar kusan kilo 2 na abinci don ya ƙara kilo 1 na nauyi, sa kuwa sai ya ci kimanin kilo 8.

Ta fuskar addini fara ba ta da shubuha. Hadisi ya zo cewa an halatta mana mushe biyu, kifi da fara, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Abi Aufa cewa sun yi yaƙoƙi bakwai tare da Manzon Allah (SAW) suna cin fara. Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, ta gindaya sharaɗi cewa sai an kashe ta da niyya, ko a cire kanta ko a jefa ta cikin ruwan zafi, ba a cin wadda aka tsinta matacciya. Gyare kuma a nan malamai suka rabu, domin sauran mazhabobi uku ba su yarda da cin ƙwari ba in ban da fara, Malikiyya kuwa ta fi sassauci. Wannan tambaya ce ta gaban malaminku, ba ta wannan fili ba.

Ƙyamar maigida ba shi kaɗai ke da ita ba, kuma ina ganin tana da tushe. Tsofaffi ba su manta da shekarun da fara ta cinye gonaki mutane suka koma cinta ba, sai sunanta ya haɗu da talauci, har wanda ya samu abin hannu yake jin kunyar a gan shi da ƙullinta. A Turai ma ba a karɓi abin hannu biyu ba. A 2023 Italiya ta wajabta a rubuta garin ƙwari ƙarara a jikin kaya, a kuma ware masa kanta daban a shaguna, a shekarar ce kuma Katar ta jaddada haramcin sayar da shi, yayin da Singafo ta amince da nau'i 16 a 2024.

Amma inda ya ce ƙazanta ce, a nan yake da rabin gaskiya, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali. Farar da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ta kiwo ba ce, kamo ta ake yi a daji da gonaki, ta bi hannu da yawa kafin ta iso tiren mai talla. Idan an yi feshin maganin ƙwari a gonar da aka kamo ta, gubar tana nan a jikinta, kuma suya ba ta da tabbacin kawar da ita. Sharaɗin Malikiyya ya yi daidai da kiwon lafiya a nan, domin farar da aka share a ƙasa matacciya ita ce ta fi zama abin zargi. Ki saya wurin wanda kika sani, ki guji wadda ke warin magani ko ta yi fumfuna, ki wanke ta ki sake tafasawa kafin ki soya, sannan ki cire fukafukai da ƙafafun baya masu ƙaya, waɗanda kan toshe hanji idan an ci da yawa. Ƙaramin yaro a daka masa ita a zuba a miya. Duk wanda jatan lande ko ƙaguwa ke tayar masa da borin jini kada ya kusance ta, saboda sinadarin da ke jawo hakan yana cikinsu duka. Idan kin cika waɗannan sharuɗɗa, ki zauna da maigida ki yi masa bayani cikin natsuwa, kada ki shigo da ita a ɓoye.

TAMBAYA: Ina kiwon kaji a Shika, kuma tsadar abinci ta ishe ni. Da gaske ana iya ciyar da su da tsutsa?

AMSA: Ana iyawa, Malam, amma ba tsutsar ƙudan gida da ke bola ba. Akwai wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro wanda ba ya cizo, tsutsarsa kan girma cikin kimanin mako biyu a kan dusa da ɓawon kayan lambu, kuma idan an busar da ita furotin ɗinta yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Manoma a Kenya sun yi nisa da ita, Tarayyar Turai ma ta yarda a sa ta a abincin kifi a 2017, a na kaji a 2021. Tana da mai sosai, saboda haka wani ɓangare na waken soya za ta maye, ba dukansa ba, kuma kada a kiwata ta a kan kashi ko mushe. Tunda Cibiyar Binciken Dabbobi ta NAPRI tana nan kusa da kai, ka kai musu samfurin busasshiyar tsutsar ka nemi shawara kan ma'aunin haɗi kafin ka canza abincin kajin gaba ɗaya.